Tambaya da Amsa: Hukuncin Cusa Ƙarya a Takardun Inshorar Lafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciya ce a ofishin lissafi na wani asibiti mai zaman kansa a nan Kaduna. Mai asibitin yakan umarce ni in ƙara gwaje-gwajen da ba a yi ba da magungunan da ba a bayar ba a takardun da muke turawa domin a biya mu kuɗin masu inshorar lafiya, kuma ni nake sa hannu. Shin doka za ta iya kama ni, alhali ba ni nake cin kuɗin ba? Daga wata mai karatu, Kawo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. E, doka za ta iya kama ki, kuma sa hannun nan naki shi ne abu na farko da mai bincike zai riƙe.

Asibitin da ke cikin tsarin inshora yana samun kuɗi ta hanya biyu. Akwai kuɗin da ake ba shi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko mutumin ya zo ko bai zo ba, domin ƙananan cututtuka irin su zazzaɓi. Sannan akwai kuɗin aiki, wanda ba a biya sai asibiti ya rubuto cewa ya yi tiyata, ko hoto, ko wani gwaji na musamman. A hanya ta farko akan yi maguɗi da sunayen bogi, a ta biyu kuwa da ayyukan da ba a yi ba, kuma abin da ake sa ki yi ya faɗa cikin ta biyun ne. Ko kuɗin daga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa suke fitowa, wato NHIA wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ko daga hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA, asalinsu ɗaya ne: abin da aka cire daga albashin ma'aikata, da abin da sauran masu rajista suke biya, da abin da gwamnati ta ware daga baitulmali.

Mutane da yawa suna zaton sai an sami sashen doka da ya ambaci inshora kafin a gurfanar da mutum, alhali mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar haka. Wanda ya rubuta ƙarya da gangan domin a biya kuɗin da ba a cancanta ba ya aikata zamba, kuma dokar zamba ta tarayya ta 2006, wadda hukumar EFCC take yawan shigar da ƙara da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce shekara 20 ba, babu zaɓin biyan tara. Dokar ta kuma ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya mayar da abin da ya karɓa. Abin da ya fi shafar ki shi ne cewa ta daidaita hukuncin wanda ya haɗa baki ko ya taimaka da na wanda ya aikata laifin da kansa, saboda haka rashin shigar ko kwabo aljihunki ba zai wanke ki ba. Bayan wannan, dokar Final Kod ta Jihar Kaduna, wato kundin hukunta laifuka na jihar, wadda aka sabunta a 2017, tana hukunta yaudara da ƙirƙirar takardun jabu, kuma ana iya jera waɗannan tuhume-tuhumen duka a shari'a ɗaya.

Cewa mai gida ne ya sa ki ba kariya ba ce a gaban alƙali. Tilascin da doka take karɓa a matsayin uzuri shi ne wanda ya kai ga barazana ga rai, tsoron kora daga aiki kuwa, duk da cewa ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali a wannan zamani, iyakacinsa lauya ya ambace shi wajen roƙon sassauci. A ganina nan ne rashin adalcin lamarin yake, domin mai asibiti da baki yake ba da umarni, ƙaramin ma'aikaci kuma shi ne yake barin sunansa a takarda. Idan mai asibitin likita ne, yana da nasa ƙarin hukuncin, domin kotun ladabtarwa ta Majalisar Likitoci ta Ƙasa tana iya dakatar da shi ko ta soke sunansa daga rajista, hukumar inshora kuma tana iya cire asibitin daga tsarinta.

Ba a Najeriya kaɗai ake tsananta wannan laifi ba. A Amurka, wanda ya damfari shirin inshorar lafiya na gwamnati irin Medicare yana iya shan ɗaurin shekara 10, idan zambar ta jawo wa majinyaci mummunan rauni ya kai 20, idan kuwa ta yi sanadin mutuwa yana iya zama ɗaurin rai da rai.

Shawarata ita ce ki daina sa hannu a duk takardar da ba ta yi daidai da fayil ɗin majinyaci ba, ki nemi a riƙa ba ki umarni a rubuce, sannan ki ga lauya kafin ki kai maganar ko'ina. Shi ne zai duba yawan takardun da suka riga suka fita da sunanki, ya kuma tsara yadda za ki kai rahoto ga hukumar inshorar ko ofishin EFCC na Kaduna, domin wanda ya kai kansa ya ba da shaida ba matsayinsa ɗaya da wanda aka kamo ba. Kada ki lalata wata takarda, kada kuma ki gyara ta bayan an tura, saboda wannan wani laifin ne daban.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne. Ɗan ƙanena ya kwanta rashin lafiya, sai na kai shi asibiti da sunan ɗana mai rajista. Shin wannan ma laifi ne? Daga wani mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma saka maka da zumuncin da ka yi niyya, amma a idon doka wannan sojan gona ne, kuma Final Kod ta sanya shi cikin nau'o'in yaudara. Tsarin ma'aikatan tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wanda ya wuce haka sai an yi masa rajista ta daban an biya. Akwai kuma haɗarin da ya fi na kotu kusa, domin yanzu fayil ɗin ɗanka yana ɗauke da ciwo da magunguna, wataƙila har da rukunin jini, waɗanda ba nasa ba, kuma likitan da zai duba shi nan gaba da su zai yi aiki. Ka koma asibitin a raba bayanan yaran biyu, ka biya kuɗin jinyar, sannan ka yi wa ɗan ƙanen naka rajista da sunansa a KADCHMA, wadda take karɓar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba.