Tambayarku, Amsarmu: Labaran matasan da suka tsere wa azzalumai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗiyata mai shekara 15, wadda take ajin ƙarshe na kolej, ta duƙufa kan wasu littattafan Faransanci da take karantawa a waya har dare ya raba. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ce labarin wasu matasa ne da suka gudu daga ƙasar da zalunci ya yi wa katutu, suka koma suna yaƙar masu mulkinta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin ina tsoron kada a koya mata bijire wa manya ko barin gida. Shin in karɓe wayar ne?
Wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Abin da ɗiyarki take karantawa wani reshe ne na ƙagaggun labarai da Turawa suke kira distopiya, wato labarin ƙasar da marubuci ya ƙirƙiro, yawanci a wani zamani mai zuwa, inda ya ɗauki wata cuta da yake gani a zamaninsa ya kai ta maƙura domin mai karatu ya razana. Kalmar kishiya ce ga Yutopiya, sunan da Thomas More na Ingila ya sa wa tsibirinsa na adalci a littafin da ya fitar a 1516. Da farko manya ake rubuta wa irin wannan, sai daga baya masu buga littattafai suka gane cewa matasa ma suna sonsa ƙwarai.

Ba ki faɗi sunan littafin ba, amma zan ba ki misalin wanda ya fi shahara, wato The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, aka mai da shi fim a 2012. A cikinsa gwamnati tana tilasta wa gundumomi 12 su ba da yaro da yarinya kowace shekara, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su a fili su kashe juna ana nunawa a talabijin. Ƙuri'a ta faɗa kan yarinya mai shekara 12, sai yayarta mai shekara 16 ta miƙe ta ce a ɗauke ta a madadinta. Ki duba da kyau, Hajiya: zumunci ne ya jefa wannan yarinya cikin wuta, kuma duk uwar da ta haifi ƴaƴa mata biyu za ta so babbar ta tsaya wa ƙaramar haka.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda suka fi wannan ɗaci. A littafin Unwind na Neal Shusterman, na 2007, doka ta ba iyaye damar sa hannu a miƙa ɗansu mai shekara 13 zuwa 18 a rarraba sassan jikinsa ga wasu, kuma a kan haka ne yaran labarin suka ranta a na kare. Ko a nan, tambayar da ake yi ita ce wa yake da ikon yanke wa yaro hukunci a kan ransa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Yarinyar da ta ga an cire ƙawarta daga lekol an ɗaura mata aure ba da sonta ba, ba sai an fassara mata wannan tambaya ba.

Inda nake da ja da waɗannan littattafai shi ne yadda suke sauƙaƙa gudu. Yaron labari yana kwana a daji, ya tsinci abinci, ya haɗu da abokan kirki, domin marubuci yana bukatarsa da rai har shafin ƙarshe. Mu kuwa mun san hanyar Agadas. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su. Wannan ne ya kamata ki zauna ki faɗa mata. Wayar kam kada ki karɓe, sai dai ki sa mata lokacin ajiyewa saboda jarrabawar da ke gabanta. Bayan sallar isha'i ki ce ta ba ki labarin da Hausa, ki tambaye ta wa ya burge ta a ciki da dalili, domin abin da za ta faɗa game da yarinyar littafin zai nuna miki abin da ke cin ranta.

Tambaya: Malam, ko za a iya rubuta irin wannan labari da Hausa ya yi armashi?
Ɗalibi, Jami'ar André Salifou

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗana, muddin ba ka kwaso dogayen benaye da jiragen Amurka ka dasa su a Sabon Gari ba. Kakanninmu sun riga ka da tatsuniyar Dodon da ya tare ruwa, ba ya barin a ɗiba sai an biya shi da abin da ya fi ruwan tsada. Kai da ka san yadda ake jera jarkoki a bakin famfo tun asuba a watan Afrilu, da yadda kuɗin ruwan ƴan garuwa yake hawa idan zafi ya tsananta, kana da rabin labarinka a hannu. Ka ƙaddara garin da ba a ba kowa ruwa sai da kati, kuma ana soke katin duk gidan da ɗansu ya yi magana. Ka sa yara uku su ɓuya a cikin duwatsun Birni, kusa da ragowar ganuwar Sarki Tanimu, da jarka ɗaya tak a tsakaninsu, sannan ka fara babinka na farko daga daren da ƙaraminsu ya sha fiye da rabonsa.