Kurar sama ba ta rage nauyi

Habu, ka tambaye ni me ya sa ƙarti huɗu ke nishi wajen fito da mutum ɗaya daga rijiya, alhali ga kura, wato faifan nan mai juyawa da ake jan kaya da shi, an rataya igiya tana bi ta kanta.

Kurar da ke ɗaure a gungumen bakin rijiya ba ta rage maka ko kilo ɗaya. Hanya kawai take juya maka, ka ja ƙasa maimakon sama. Mai kilo 80 yana nan da nauyinsa, gungumen kuwa kusan 160 yake ɗauka, na mutumin da na janku. Shi ya sa nake faɗa in na ga an gitta azarar da gara ta ci.

Mai rage nauyi ita ce wadda ke tafiya tare da mutumin. Ɗaure bakin igiya a sama, ta sauka ta ratsa kurar da ke jikin ɗaurinsa, ta dawo hannunka. Igiya biyu ke riƙe da shi ke nan, kowace kilo 40. In uku ne, nauyin ya kasu uku. Amma da tsawon igiya kake biya: rijiya mai gaba 10, sai ka ja gaba 20 kafin ya fito. Kuma kowace kura tana cin rabonta, balle mai tsatsa ko igiyar da ta sha laka.

Inda na fi jin tsoro shi ne in ƙarfi ya yi yawa, hannu ya daina ji. Ƙafarsa za ta maƙale a bango, ku kuna ta ja, ku karya bawan Allah ba ku sani ba. Don haka mutum ɗaya ya tsaya a baki yana leƙe, shi kaɗai ke cewa a ja ko a tsaya. Wani kuma ya riƙa naɗe rarar igiya a turke, ko hannu ya kuɓuce kada ya koma. Ɗaurin ya bi cinyoyi da ƙirji, ban da ƙugu kaɗai.

Tsofaffin rijiyoyin cikin garin Kano, irin na Dala da Gwale, wasu iskar ƙasansu ta ɓaci, tana sumar da mai shiga ceto. In ka kira wanda ya faɗa bai amsa ba, kada ka sauka, ɗana. A kira 'yan kwana-kwana nan take, kai kuma ka haɗa igiya kafin su iso.