Amsa: Ta yaya ake bin sawun kifi a cikin kogi?

Malam ka tambaya ko GPS ake saka musu, a'a wallahi GPS baya aiki a ƙarƙashin ruwa. Sumar da kifin ake yi a ɗan tsaga cikinsa a tura wata 'yar na'ura kamar ƙwayar kafso a ɗinke, ita kuma tana fitar da sauti mai lambar kifin, yawanci a mitar sauti ta 69 kHz, kunnenka ba zai ji ba. Sai a dasa risiba, wato na'urar da ke kama sautin, a ƙafar gada ko bakin dam, in kifin ya gifta ta rubuta lambarsa da lokaci. Haka masu bincike suke yi a kogin Ilinoi na Amurka don sa ido kar kifin kaf na Asiya ya kutsa tafkin Mishigan. Matsalar dai ƙarar injin jiragen ruwa tana danne sautin wani lokaci.