Yadda za a ɗora Hamlet a dandamali a yau

Ka tambayi yadda za ka shirya Hamlet, wasan ramuwar gayya da Shakespeare ya rubuta wajajen 1600, ba tare da 'yan kallo sun ƙosa ba. Ka fara rage tsawonsa, domin cikakkensa yakan ci awa 4, shi ya sa masu shiryawa da dama ke cire labarin Fortinbras, yariman ƙasar Norway. Sai dai kada ka taɓa wurin da Hamlet, jarumin wasan, ya tarar da baffansa Claudius, wanda ya kashe masa mahaifi, a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, sannan ya fasa don gudun aika shi aljanna. A ganina nan ne ƙashin bayan wasan. Ita kuwa fatalwar mahaifin Hamlet da ke bayyana a wasan, dusashen haske da murya daga bayan labule sun fi farin mayafi razanarwa.