Zan iya kai Hajiya ƙauyukan Cinque Terre da mota a yini ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a birnin Torino na Italiya, mahaifiyata kuma za ta kawo mini ziyara cikin watan Agusta. Ina so in ɗauki hayar mota in zaga da ita ƙauyukan nan biyar na bakin teku, Cinque Terre, a yini ɗaya. Sai dai tana fama da ciwon gwiwa. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo Hajiya lafiya.

Maganar mota ka ajiye ta tun yanzu. Ƙauyukan nan, Monterosso da Vernazza da Corniglia da Manarola da Riomaggiore, a jikin duwatsu aka manna su, sama tsauni ƙasa teku. Hanyoyin da ke gangarowa cikinsu 'yan sirara ne masu lanƙwasa, kuma ba a barin baƙo ya shiga tsakiyar gari da mota. A yawancinsu sai ka ajiye ta can sama, in ka dace da wuri, ku gangaro da ƙafa. Da gwiwar Hajiya, wannan wahala ce za ka saya da kuɗinka.

Jirgin ƙasa shi ne jakin wurin. Tun 1874 aka huda duwatsun aka shimfiɗa dogo, kuma daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba jiragen da ake kira Cinque Terre Express suna kai da komo tsakanin La Spezia da Levanto, suna tsayawa a duk ƙauyukan. Daga wani ƙauye zuwa na gaba 'yan mintuna ne. Ku kama masauki a La Spezia ko Levanto, ɗaki ya fi sauƙin kuɗi, ba kuma jan akwati a matakala. Akwai katin Cinque Terre Card mai haɗe da jirgi, wanda za ku yi ta hawa da sauka da shi duk yini.

Biyar a yini ɗaya yana yiwuwa ga matashi mai neman hoto. Ga dattijuwa, ni biyu zan zaɓa, in ta ji ƙarfi a ƙara na uku. Ku fara da Monterosso, don shi ne ya fi shimfiɗa: kuna fitowa daga tasha ga bakin teku nan mai yashi, ana kuma bi ta wani gajeren rami a shiga tsohon gari ba hawa. Sai Vernazza, wanda a idona ya fi sauran kyau. Titi ɗaya ne ya gangara daga tasha zuwa dandalin da ke bakin mashigar kwale-kwale, inda Hajiya za ta zauna ta sha iska. Wanda ya ga garin yau ba zai ce a ranar 25 ga Oktoba 2011 ambaliya ta binne wannan titin da laka ba.

Corniglia kuwa ku bar shi. Yana kan dutse kimanin mita 100 sama da teku, tsakaninsa da tasha akwai matakala kusan 380. Akwai ƙaramar bas, amma a Agusta layinta ma aiki ne. In ba a yi igiyar ruwa ba, ku shiga jirgin ruwan da ke zaga gaɓar, ta hango shi daga nesa, don can ma ba ya tsayawa. Daga cikin ruwa ne ake ganin abin da ya sa UNESCO ta sanya yankin cikin kayan tarihi na duniya a 1997: gonakin inabi hawa-hawa a jikin tsauni, waɗanda manoma suka tokare da katangun dutse ba siminti, tsawon ɗaruruwan shekaru. Ka riƙe mata hannu wajen shiga, tsanin jirgin yana rawa.

Hanyoyin ƙafa na kan tsauni ba nata ba ne. Daga Monterosso zuwa Vernazza kusan awa biyu ce ta hawa da gangara, kuma ana cin tarar mai bin su da silifa. Wadda za ta iya ita ce Via dell'Amore, tsakanin Riomaggiore da Manarola, kimanin kilomita ɗaya a shimfiɗe. An rufe ta a 2012 bayan zaftarewar duwatsu, sai 2024 aka sake buɗe ta, yanzu kuma sai an yanki tikiti mai lokaci.

Agusta watan hutun Italiyawa ne, musamman makon 15 ga wata, ga kuma manyan jiragen ruwa da ke juye dubban mutane a La Spezia. Ku yi sammako, ku fake da tsakar rana, ku sake fitowa bayan la'asar. In ranar zuwanta za ta ɗagu zuwa ƙarshen Satumba, ya fi.

Abinci ba zai ba ku wuya ba, ƙasar kifi ce. Ku nemi soyayyen ƙananan kifin Monterosso, da taliya da koriyar miyar ganye da ake kira pesto, da farinata, wata wainar garin wani irin wake da ake gasawa da man zaitun. Burodinsu focaccia ne kawai za ka tambaya kafin ka saya, don wasu masu gasa shi suna sa kitsen alade. Sunansa strutto, ka riƙe kalmar.