Ko Tsokar Zuciya da ta Mutu Za ta Iya Farfaɗowa?

Tambaya: Mahaifina ya yi bugun zuciya bara, an yi masa hoton zuciya na eko an ce ƙarfin harba jininsa ya sauka zuwa kashi 30. Na ji ana cewa yanzu ana juya ƙwayoyin halitta su koma tsokar zuciya. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Gwale.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Malam, binciken gaskiya ne, amma bai zama maganin da likita zai rubuta ba tukuna.

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, tsokar wurin takan mutu, wani lokaci ƙwayoyi har biliyan ɗaya. Zuciya ba ta iya mayar da gurbinsu, domin abin da take sabuntawa a shekara bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sai wasu ƙwayoyi da ake kira faibiroblas su saƙa tabo a wurin. Tabon yana hana zuciya yagewa, sai dai ba ya matsewa, shi ya sa lambar eko ta faɗi.

Hanyoyi biyu masu bincike ke bi, ga ta farko: a 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya yi amfani da sinadaran gado huɗu ya mayar da ƙwayoyin ɓera zuwa matakin farko, inda za su iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. Daga irin waɗannan ake renon tsokar zuciya a ɗakin gwaji, kuma a 2020 likitocin Jami'ar Osaka suka fara manna ta a zuciyar ɗan Adam. Hanya ta biyu ita ta fi dacewa da tambayarka. A 2010 ɗakin binciken Deepak Srivastava a Amurka ya cusa sinadaran gado uku, Gata4, Mef2c da Tbx5, cikin faibiroblas na ɓera, suka fara rikiɗa zuwa tsoka. A 2012 aka yi hakan cikin ɓeraye masu rai, tabon ya ragu.

Ga inda gizo ke saƙar. Kaɗan ne ke rikiɗa gaba ɗaya, kuma ukun nan ba sa isar ƙwayar mutum. Sabuwar tsokar ɗanya ce, tana bugawa gaban kanta. Da aka dasa irinta wa birai a 2014, bugun zuciyarsu ya rikice, abin da ke iya kashe mara lafiya. Ƙwayar da ba ta gama rikiɗa ba kuma tana iya zama ƙari.

A nan Kano ma yawancin gazawar zuciya daga hawan jini take, da ciwon zuciyar masu jego, ba tabon toshewar jijiya ba.

Don Allah kada ku sayi garin da ake tallatawa da sunan gyaran ƙwayoyin halitta. Ƙwayoyin halittar da aka haɗiya narkewa suke yi a ciki. Baba ya riƙe asibitin zuciya, kamar na Malam Aminu Kano, ya sha magani kullum, ya rage gishiri da dunƙule da kanwa. Ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya. Idan ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ko ƙafa ta kumbura, ko ya kasa kwanciya sai da matashi uku, ku kai shi a ranar.