Me ya sa ba a haska wasan ƙarfe uku a Ingila?

TAMBAYA: Salam Malam. Yayana yana karatu a Manchester, ran Asabar ya kira ni wai in riƙa faɗa mai yadda wasa ke tafiya, ni ina gidan kallo a Fagge muna kallon Firimiya a DStv shi kuma yana ƙasar da ake buga wasan amma wai ba tashar da ke haskawa. Gwamnatinsu ce ta hana ko kuɗi ne dai suka yanke mai? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Yayanka gaskiya ya faɗa maka, ko nawa ya biya ba zai gani ba. A Ingila daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar ba a haska ƙwallo kai tsaye a talabijin, wasannin da ake farawa ƙarfe uku kuwa cikin wannan lokacin suke, kai ko wasan Sifen ne ya faɗo cikin wannan lokacin sai dai su haƙura. Amma fa ba gwamnati ce ta sa ba, hukumar ƙwallonsu ta FA ce, ta dogara da sashe na 48 na dokokin UEFA, hukumar ƙwallon Turai, wanda ya ba kowace ƙasa damar ware awa biyu da rabi ta rufe.

Abin ya samo asali tun shekarun 1960, shugaban kulob ɗin Burnley Bob Lord ne ya dage a kai. Hujjarsa in aka sa manyan kulob a talabijin wa zai fita cikin sanyi ya yanki tikiti ya kalli ƙaramin kulob ɗin garinsu? Kuma waɗannan ƙananan da kuɗin ƙofa suke rayuwa, da shi ake biyan 'yan wasa da mai gyaran ciyawa. Ni dai a nan ina bayansu ɗari bisa ɗari, don duk wanda ya ga gidan kallo maƙil har ana tsayuwa a bakin ƙofa alhali wasan gida na gudana kujeru wayam, ya san tsoron nasu ba na banza ba ne. A 2020 lokacin korona da aka hana shiga fili an ɗage dokar, da jama'a suka dawo aka maido ta.

Inda gwamnati ta sa hannu daban ne. Dokar yaɗa labarai ta 1996 ta ware wasu wasanni, irin su Kofin Duniya da wasan ƙarshe na Kofin FA, dole a ba tashoshin kyauta damar haskawa, hukumar Ofcom mai kula da kafafen yaɗa labaran Birtaniya ce ke sa ido.

Kai kuma dokar ba ta shafe ka ba tunda SuperSport haƙƙin haskawa a Afirka ta saya. Ka ce wa yayanka ya kunna rediyo, da dare kuma BBC za ta nuna mai ƙwallayen da aka ci, in kuma da hali ya je filin wani ƙaramin kulob kusa da shi ya yanki tikiti.